Tattasai Biyar na Deda Toza

"...da sauƙi, Deda, ciwon kan ya tafi. Kai fa? Ka kwana da ranka?"

"Na kwana da shi, na tashi da shi, don dai ki ji haushi. Rufe min ƙofa, kina fitar min da hayaƙi."

"Hayaƙin da ya tare ni tun daga gada? Mutanen layi sun ɗauka gobara ce. Na ce su kwantar da hankalinsu, tsohona ne yake girki."

Asabar ce cikin watan Satumba, lokacin da kowane gida a Leskovac yake gashin tattasai don ayvar, miyar tattasan da ake ɗurawa a kwalba saboda hunturu. Svetozar, wanda duk gari ke kira Toza, yana zaune a tsakar gida gaban murhun ƙarfe, yana juya jajayen tattasai da yatsunsa, don a wurinsa cokali kayan raggo ne. Shekararsa saba'in da tara. Mai shigowar kuwa jikarsa ce, Isidora, mai kiransa Deda, wato kaka, ma'aikaciyar kantin magani, wadda duk Asabar take biyowa ta karɓi kati.

Katin nan shi ne abin da ya rage wa Toza tun da masaƙar da yake wa aiki ta rufe, matarsa Stamena kuma ta rasu. Shagon faifai ɗaya ne a unguwar, na wani Borko. Duk Laraba Borko yakan aiko masa da faifai guda a cikin farar takarda, ba suna ba hoto, don kada suna ya ruɗi kunne. Toza ya saurara a garmahonsa, ya rubuta ra'ayinsa da fensir a kan katin da bai fi tafin hannu ba, a ƙasa ya zana tattasai, daga ɗaya zuwa biyar. Ranar Asabar da sha biyun rana Borko ya liƙa katin a gilashin shago, ya saki waƙar a lasifikar bakin ƙofa, ya faɗi mai ita. Masu dawowa daga kasuwa su tsaya da kwandunansu, su ji, su karanta, su yi ta musu. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana haka, kuma bai taɓa zana biyar ba.

Sai dai bana an fara magana. A watan jiya Borko da kansa ya ce masa, yana kallon takalminsa, wai ko kunne ma yana son hutu kamar gwiwa. Toza ya sani, kati ɗaya ya zame masa, shi ke nan, gilashin ya koma na tallan rigunan waya.

Isidora ta jawo bokiti ta kife, ta zauna.

"To, wa ka yanka wannan makon?"

"Ni ba na yanka kowa. Awo nake yi."

"Awo! Ka manta yarinyar nan ta watan Yuni? Na haddace katin. 'Tana kuka saurayi ya gudu. Na saurara har ƙarshe, na fahimci saurayin. Tattasai ɗaya.' Wannan awo ne ko jana'iza?"

"Ƙarya na yi? Ni ma da ina da ƙafa da na bi shi."

"Samarin nan masu rock kuma, na bayan tasha. 'Mai ganga yana sauri zai kama motar ƙarshe zuwa Niš. Mai jita ko takalmi bai sa ba. Tattasai biyu, domin mai ganga ya yi gumi.' Uwar mai jitar ta zo kantinmu neman maganin hawan jini."

"Ta zo nan ma. Ta kawo min burek, gurasar nan mai nama a ciki, ta ce na faɗi abin da ta kasa faɗa masa."

"Saboda tsoronka take ji! Duk garin nan ba mai yin fito a layinka. Ko tsuntsu ya zo kan katangarka shiru yake yi, kada ka ba shi ɗaya da rabi."

"Tsuntsun da ya iya ba ya tsoro. Ke da kunnenki ya toshe da igiyar waya, me kika sani? Abin da kuke ji ba waƙa ba ce, injin wanki ne ya haɗiye cokali."

"Kai kuma naka, in ba wani ya mutu a ciki ba, ko jirgin ƙasa ya tafi da matar wani, ba ka jin daɗi."

"Shi ne blues, ja'ira. Ana shan wuya kafin a buɗe baki."

Ya ɗauke tattasai uku da suka yi baƙi ya jefa cikin tukunya ya rufe. Sannan ya goge yatsu biyu a gefen wando, ya zaro ambulan daga aljihun riga. Bai miƙa ba tukuna. Ya riƙe shi kamar mai riƙe ƙwai.

"Na wannan makon daban ne," ya ce a hankali. "Sau tara na ji shi."

Isidora ta daina kaɗa ƙafa. "Tara?"

"Tara. Borko zai ga ko kunne yana son hutu. Ungo, kuma kada ki buɗe, ba a karantawa sai a gilashi."

"Ni? Me zan yi da rubutunka? Kamar tururuwa ce ta bugu ta bi ta kan takarda."

Ta karɓa da hannu biyu, abin da ba ta saba ba. Toza ya koma kan murhunsa. Bai ji ƙarar ƙofa ba, sai ya ɗago. Ga ta can a tsaye bakin ƙofa, ta ba shi baya, ambulan a yage, kafaɗunta suna rawa. Ya ɗauka kuka take yi. Sai ta juyo, ashe dariya ce ta hana ta numfashi, har da hawaye.

"Ɓarauniya! Na ce kada ki buɗe!"

"Deda... wayyo cikina... tsaya in karanta maka." Ta share ido, ta gyara murya irin tasa. "'Babu suna, amma tsoho ne, kuma ya sha wuya. Ba ya sauri, don ba inda za shi. Mai ganga yana binsa a baya kamar mai rakiyar gawa, haka kuwa ya dace. Muryar nan na santa a wani wuri, na kasa tunawa. Wannan shi ne blues. Yara, ku zo ku koya.' Sai tattasai, ɗaya, biyu, uku... Deda, biyar!"

"Biyar. Mene ne abin dariya?"

"Babu, babu. Shekararsa nawa, wannan bawan Allah?"

"Ya haura saba'in."

"Duk a murya ka ji?"

"Ya sha taba ya daina. Ya binne mace. Haƙoransa na gaba ba nasa ba ne."

"Gemu fa?"

"Har gemun na ji."

"Kana son ka gan shi?"

"In yana garin nan, ni zan kai shi shan kofi, in cire masa hula."

Isidora ta sake zama a kan bokiti. Da ta samu numfashi sai ta dube shi, dariyar ta ɗan lafa.

"Deda, a wane gudu ka sa faifan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Babban faifai ne. Babba juyi talatin da uku a minti, ƙarami arba'in da biyar. Tun kafin a haifi ubanki haka duniya take."

"Yanzu in waƙa ɗaya ce tak, ana buga ta a babban faifai, amma da gudun arba'in da biyar. Wai ta fi fita."

"Wane mahaukaci ne zai ɓata babban faifai a kan waƙa ɗaya?"

"Zauna, hannunka duk gawayi ne."

Ta shiga ɗaki. Garmahon yana kan tebur jikin taga, tagar kuma a buɗe take zuwa tsakar gida, don haka yana ganin hannunta. Ta tura ɗan maɓallin gudu zuwa arba'in da biyar, inda bai taɓa kai shi ba in faifai babba ne, ta sauke allura.

Ganga ta fashe da gudu, jita tana tsalle a kanta. Sai murya ta shigo, siririya, mai haske, ta yarinya.

Toza ya ji kamar an zare masa kujera. Kalmomin su ne dai: hayaƙin tattasai ya tashi a kan rufin gari, duk wanda ya tafi zai dawo gida. Kwana uku yana jin su daga bakin tsohon da ya san ba mai dawowa. Yanzu ga su a bakin yarinyar da har ta shimfiɗa wa baƙin tebur. Ya dubi agogonsa, sha ɗaya da minti goma. Ya hango matan kasuwa da kwandunansu a gaban gilashi, wannan murya tana tashi daga lasifika, su kuma suna karanta "tsoho ne, ya sha wuya". Ya hango Borko yana kallon takalminsa.

Sai aka kai baiti na biyu, muryar ta ɗan karye a wani wuri, ta ja numfashi ta hanci. Wannan jan numfashin ya san shi tun mai shi tana cikin zanen goyo.

Waƙar ta ƙare, allura tana ta ƙus-ƙus. Isidora ta leƙo ta taga, ta dafa haɓa da hannu biyu.

"Ga tsohonka. Yaushe za mu shan kofin?"

Toza ya dube ta. Wani tattasai ya fashe a kan murhu.

"Ke ce."

"Ni ce. Da gemuna da komai."

"Tun yaushe kike waƙa?"

"Shekara huɗu, a garejin su Tijana, ƙawata mai buga ganga. Mai rakiyar gawar nan da ka yaba."

"Shekara huɗu, ban sani ba?"

"Ta yaya za ka sani? Ka manta bikin makaranta, ina 'yar shekara tara? Na sauko daga dandamali na ce Deda, rubuta min kati." Ta ɓare rigar wayarta, ta zaro wata 'yar takarda da ta yi laushi kamar tsumma. "'Murya akwai, kunya ta cinye ta. Ɗaya da rabi.' Yarinya 'yar shekara tara, Deda! Ko rabin ba ka cika min ba."

"Ai rabin kyauta ce, don kin sa farar safa."

"Shi ya sa na roƙi Borko ya aiko maka ba suna. Na ce in zai yanka ni, ya yanka ni bai san wuyan wa ya kama ba. Ashe ma ba ni za ka ji ba, wani tsoho za ka ƙirƙiro ka ba shi gādona."

"Laifin wa? An aiko faifai ba a rubuta gudu ba. Makirci ne. Ke da Borko kuka haɗa baki."

"Wallahi mantuwa ce. Amma tsaya, akwai saura. Ka ce ka san muryar a wani wuri."

Ta mayar da maɓallin inda yake a da, ta sauke allura a tsakiya. Tsohon ya dawo, muryarsa tana jan ƙasa. Ta bar shi ya yi layi biyu, ta ɗage allurar.

"Yanzu ce min, 'Rufe min ƙofa, kina fitar min da hayaƙi.'"

"Ba zan ce ba."

"Ka ji? Ka ji wannan 'ba zan ce ba'? Shi ne! Deda, muryarka ce! Shekara talatin da ɗaya kana hana mutane biyar, ashe ajiye ta ka yi sai ranar da ka ji kanka!"

Toza ya san gaskiya ce. Stamena takan ce yarinyar nan ba ta ɗauko komai nasa ba sai taurin kai da maƙogwaro, shi kuma yakan ce taurin kan dai na wajen uwa ne. Dariya ta taso masa daga ciki, ya so ya danne ta, ta fito ta hanci tare da tari.

"To, aƙalla," ya ce yana share ido da bayan hannu, "na san abu mai kyau in na ji shi."

"Ka ga girman kai! An kama shi da hannu cikin tukunya yana cewa miyar ta yi daɗi."

Ta fito ta tsaya a gabansa, katin a hannunta. Toza ya dubi katin, ya dubi ƙofar gida. Taku ashirin ne tsakaninsu. Da ta wuce kawai, da yanzu katin yana hannun Borko.

"Me ya sa kika dawo?" ya tambaya, ba da muryar wasa ba. "Biyar ne fa. Ba wanda ya taɓa samu. Da an ce Toza ya ba waƙarki biyar, sauran bayanin mutane su manta."

"Ba za su manta ba, ka san mutanen garin nan. Ni in samu biyar, kai ka rasa gilashi? To ranar Asabar wa zan zo in tsokana? Sai ka zauna kana ba tattabaru maki." Ta ɗaga kafaɗa. "Kuma ba nawa ba ne, na tsohon ne. Ni nawa nake so, ko da ɗaya da rabi ne kuma."

Ya miƙe a hankali, gwiwa tana ƙara, ya je famfo ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwar hannu, kamar mai shirin zuwa coci. Ya shiga ɗaki, ya tura maɓallin da kansa, ya zauna ya rufe ido.

"Deda, saura minti talatin da biyar."

"Yi min shiru. Je ki juya tattasai. Da yatsu, ba da cokali ba."

Sau biyu ya ji ta. Isidora tana tsakar gida tana ƙona yatsu tana tsaki, amma ko sau ɗaya ba ta dubi tagar ba. Da ya gama ya ɗauko sabon kati, ya lashi bakin fensir, ya rubuta a tsanake, harafi bayan harafi, yadda ya saba. Ya fito ya miƙa mata ba ambulan.

"Karanta a nan, tun da ba ki da tarbiyya."

Ta karanta, wannan karon da muryarta.

"'Yarinya ce, tana sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Mai ganga ta biye mata, bai kamata ba. A baiti na biyu ta manta ana saurarenta, daga nan waƙar ta fara. Pop ne, ƙafa tana motsi ko mai ita bai so ba. Tawa ta motsa, da ciwon gwiwarta. Abin da take faɗa na garin nan ne, duk mai ɗa a waje zai gane. Jikata ce. Mai zargina ya cire ɗaya, amma ya ji tukuna.'" Ta bi zanen da yatsa. "Huɗu."

"Huɗu."

"Sau nawa ka taɓa ba da huɗu?"

"Biyu. Ɗaya ya mutu, ɗayan ya koma sayar da tayoyi. Ki yi hankali."

Ta ɗaga haɓa. "Ban yarda ba. Tsoho biyar, ni huɗu? Waƙa ɗaya, faifai ɗaya! Wannan son kai ne na tsofaffi. Ƙungiya gare ku."

"Shi ya yi shekara hamsin yana jira kafin ya buɗe baki. Ke ko tattasai ba ki iya juyawa ba, dubi wancan, ya zama gawayi."

"Murhunka ne ya tsufa."

"Ba ni tsohon katin."

"Za ka ƙona shi? Ina! Shaida ce. Duk ranar da ka ce min injin wanki, in zaro."

"Ba ni, na ce."

Ta ba shi da ƙyar. Ya duba shi, ya juya bayansa ya rubuta kwanan wata, sannan ya kama hannunta ya sa mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai. Yatsun sun yi ja da zafin murhu.

"Na yarda, kin kama ni, kuma kin rufa min asiri. Na gode. Amma katin nan ba kuskure ba ne, sammako na yi." Ya gyara murya. "Ranar da za ki kai shekaruna ba na nan, na riga na san wannan, na kuma haƙura ba zan ji yadda za ki yi waƙa a lokacin ba. Sai ga shi na ji, har sau tara, a ɗakina. Wane kaka ne ya taɓa samun haka? Ki ajiye. In lokacin ya yi, ki liƙa shi a gilashi."

Isidora ta dubi hannunta. Ta ja numfashi ta hanci, irin na baiti na biyu.

"Amma ka rubuta ya sha wuya."

"Za ki sha. Kowa yana sha. Ki dai yi waƙa da ita."

"Gemun fa?"

"Kakarki ma ta fara fitar da shi a ƙarshe, Allah ya jiƙanta. Gādo ne."

Ta fashe da dariya, ta sunkuya ta sumbaci tsakiyar sanƙonsa, ta sa tsohon katin a bayan waya tare da na ɗaya da rabi. "Kwalbar farko ta ayvar tawa ce, in kana son bakina ya yi shiru."

"Ɗauki biyu, 'yar fashi. Gudu, saura minti goma sha biyu!"

Ta kai ƙofa, ta buɗe, har ta sa ƙafa a titi, sai ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Isidora! Ki gaya wa Borko a arba'in da biyar ake sa shi! Babba ne, amma arba'in da biyar! Kada ya je ya ba mu kunya!"

Dariyarta ta bi layi har kwana. Toza ya zauna, ya ɗauki tattasan da ta ƙona, ya hura, ya ɓare, ya ci abinsa. Ƙofar tana nan a buɗe, hayaƙi yana fita, bai tashi ya rufe ba. Shagon Borko layi uku ne daga nan, kuma yana so ya jiyo waƙar.